Amanar Littafi a Hannun Mai Kyamara: Daga Dune Zuwa Tauraruwa Mai Wutsiya

A bazarar 2024, 'yan makonni bayan ƙaramar salla, mu biyar muka zauna a tsakar gidan wani abokina a Kazaure muka kalli kashi na biyu na fim ɗin Dune. Biyu daga cikinmu sun karanta littafin da Frank Herbert ya wallafa a 1965, sauran ukun kuwa ko bangonsa ba su taɓa gani ba. Da aka gama, ukun nan suka tashi cike da gamsuwa suka yi mana sai da safe. Ni da wani malamin lissafi muka raba dare muna gardama. Shi ya ce an ci amanar littafin. Ni na ce an riƙe ta, har fiye da yadda yake zato.

Gardamar tamu reshe ce ta wadda masoya littafin suka yi ta tafkawa a faɗin duniya. Na ɗauko ta yau ne domin ta shafe mu kai tsaye. Muna da ƙagaggun labarai na Hausa da suka haura shekara casa'in, muna da masana'antar fim da ta haura shekara talatin, amma har yanzu ba mu tsayar da ma'aunin da za mu ce wannan fim ya kyauta wa littafinsa, wancan ya zalunce shi ba.

Abin da ya fusata masu karatu

Ƙorafin abokina, kamar na dubban irinsa, ya tsaya a kan abubuwa uku. A littafin, shekaru suna wucewa tsakanin gudun Paul Atreides zuwa hamada da komowarsa da runduna. Darakta Denis Villeneuve ya matse wannan duka cikin watanni. A littafin, ƙanwarsa Alia yarinya ce ƙarama mai hankalin manya, ita ce ma ta kashe Baron Harkonnen. A fim ba a ko haife ta ba, Paul ne ya yi kisan. Na uku shi ne mafi zafi. Chani ta littafi ta zauna tare da Paul bayan ya ɗaura auren siyasa da 'yar sarki. Chani ta fim tun farko ba ta yarda shi ne mai ceton da ake jira ba, kuma a ƙarshe ta juya masa baya ta nufi hamada ita kaɗai.

Duk wannan gaskiya ne. To amma a dubi fim ɗin da David Lynch ya yi daga wannan littafi a 1984. Ya bar Alia yarinya, ya bar ta ta kashe Baron, ya ma sa muna jin zancen zucin jarumai kamar yadda Herbert ya rubuta. Sai dai a fitowar ƙarshe ya sa ruwan sama ya sauka a duniyar Arrakis, wadda ba ta san ruwan sama ba, alamar cewa Paul mai ceto ne na haƙiƙa. Wannan ruwa ya wanke manufar littafin kakaf. Herbert ya rubuta Dune ne domin ya gargaɗi mutane game da shugaban da jama'a ke miƙa wa hankalinsu kacokan. A labarin, albishir ɗin zuwan mai ceto wata ƙungiyar mata masu dabara, Bene Gesserit, ce ta shuka shi da gangan a zukatan mutanen hamada tun ƙarnuka da suka shuɗe. Da Herbert ya ci gaba da labarin a Dune Messiah a 1969, sai ya fito da ɓarnar da yaƙin Paul ya jawo ƙarara.

Littafi yana iya shiga zuciyar Paul ya nuna mana yana hango bala'in da zai haddasa yana kuma tsoronsa. Kyamara ba ta shiga zuciya. Dole a nemi fuskar da mai kallo zai karanta wannan tsoro a kanta, kuma Villeneuve ya zaɓi fuskar Chani. Ya sauya mace ɗaya domin ya tsare gargaɗin littafin gaba ɗaya. Lynch ya tsare rassa ya sare saiwa. Villeneuve ya sassabe rassa ya bar saiwa a ƙasa.

Inda masu ƙorafi suka yi gaskiya

Akwai wurin da na sallama wa abokina. Herbert ya cika littafinsa da kalmomin Larabci da na duniyar Musulmi: Mahdi, Lisan al-Gaib, da sauransu. Ya kuma ɗebi abubuwa daga littafin Lesley Blanch na 1960 a kan gwagwarmayar Imam Shamil da Rashawa a yankin Kaukasus. Kalmar jihadi ta maimaitu a littafin, amma fim ɗin ya kauce mata ya koma ga cewa yaƙi mai tsarki. An ɗauki yawancin fitowar hamada a Jodan da Abu Dabi, duk da haka 'yan wasa Larabawa ko na arewacin Afirka ba su samu manyan gurabe a cikin mutanen hamadar ba. Masu sharhi Musulmi da dama sun ce an ari tufafinmu an bar mu a waje, kuma ƙorafin yana da tushe.

Mu da muke ƙasar Hausa mun fi yawancin masu kallon Turai sanin nauyin waɗannan kalmomi. Tarihinmu yana ɗauke da Burmi ta 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya kwanta dama, da Satiru ta 1906, inda aka rusa gari guda saboda boren da ya tashi da sunan Mahadi. Mun san fatan zuwan mai ceto yakan tsiro ne daga zalunci na gaske, mun kuma san irin jinin da akan zubar a kansa. Fim ɗin da ya goge kalmar domin gudun ce-ce-ku-ce ya rage wa labarin wani abu. Ke nan sauyi iri biyu ne: wanda aka yi domin kyamara ta iya faɗin abin da alƙalami ya faɗa, da wanda aka yi domin tsoro ko kasuwa. Na farko hidima ce ga littafi. Na biyu ne ya cancanci sunan cin amana.

Mu ma mun daɗe a wannan hanya

Adabin Hausa na boko da kansa ya ginu ne a kan juya labari daga wata riga zuwa wata. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sannan ga Jiki Magayi na John Tafida da East. Magana Jari Ce, da ya biyo baya a ƙarshen shekarun 1930, ya ɗebo labarai daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai da na Indiya, Imam ya sa musu rawani da babbar riga har ba mai cewa baƙi ne. Da a ce ma'aunin aminci shi ne kwafar asali kalma da kalma, da Imam ne zai fara faɗuwa jarrabawar.

Shaihu Umar ya bi matakai uku: littafi a 1934, wasan kwaikwayo na dandamali da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka tsara, sannan fim ɗin Adamu Halilu na 1976. Labarin yaron da aka sace aka ƙetara Sahara da shi, da uwar da ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta, labarin hamada ne da ba ya jin kunyar tsayawa kusa da Dune. Amma fim ɗin ya ɓace wa idon jama'a shekaru da yawa, sai da aka gyara shi aka nuna a bikin finafinai na birnin Berlin a Jamus a 2018. A shekarun 1980 gidan talabijin na NTA Kaduna ya mayar da Magana Jari Ce wasan kwaikwayo. Da finafinan bidiyo suka kankama a Kano bayan Turmin Danya na 1990, marubuta suna cikin waɗanda suka fara riƙe kyamara. Ado Ahmad Gidan Dabino ya mayar da In Da So Da Ƙauna fim, aka kuma yi haka da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu.

Daga baya igiyar ta yi sako-sako. Waƙa da rawa irin na finafinan Indiya suka zama abin da ke sayar da kaset, labari ya koma abin da ake rataya waƙoƙi a jikinsa. Asarar ta faɗa wa ɓangarorin biyu. Fim ya rasa zurfin da marubucin da ya shekara yana saƙa labari ke kawowa, littafi kuma ya rasa sababbin masu karatu da fim kan jawo masa. Abokanmu ukun nan da ba su taɓa karanta Herbert ba, biyu daga cikinsu sun nemi aron littafin kafin mako ya zagayo. Wannan ita ce ribar da marubutanmu ke rasawa.

Littafin da ke jiran kyamara

A 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata, kuma shekarar da Dune Messiah ya fito, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo. Labarin wani yaro ne mai suna Kilba da wani baƙo daga sama, Kolin Koliyo, ya ɗauka ya zaga da shi sararin samaniya. Ke nan ƙagaggen labarin kimiyya ba sabon abu ba ne a Hausa; ya girmi yawancin masu shirya finafinanmu na yau. Ina ganin wannan littafi ne ya kamata a gwada ma'aunin da nake kira a kansa.

Wanda zai ɗauke shi dole ya yi sauyi. Yaron 1969 da bai taɓa ganin hoton duniya daga sama ba daban yake da yaron Gwiwa na yau da ke kallon harba kumbo a wayar yayansa. Bayanin taurari da ya burge mai karatu a wancan zamani, idan aka zuba shi a bakin ɗan wasa yadda yake, zai zama darasin aji. Za a rage, za a ƙara, kuma waɗanda suka karanta littafin a makaranta za su yi gunaguni kamar yadda abokina ya yi. Abin da bai kamata a taɓa ba shi ne zuciyar labarin: ɗan Bahaushe ne, da harshensa da tarbiyyarsa, ya tashi sama ya waiwayo ya dubi duniyar da ya baro.

Za a ce ina kuɗin? Tambaya ce mai kyau, domin kashi na biyu na Dune ya tara sama da dala miliyan 700 a gidajen sinima, kasuwar da ba mu da irinta. Amma abin da ya fi kama ido a wancan fim yashi ne da dutse da rana, kuma ba mu rasa ko ɗaya ba. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Daura ya ga duwatsun Kazaure, ya ratsa ta Roni, ko ya nausa Babura wajen iyakar Nijar da rani, ya san akwai wuraren da kyamara za ta mayar wata duniya ba tare da an gina komai ba. A cikin garin Kazaure akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, akwai kuma cibiyar koyar da fasahar kwamfuta ta Jihar Jigawa. Matasan da za su iya koyon zanen kwamfuta mai motsi suna nan; aikin da zai sa su koya ne babu. Salon shiri mai dogon zango da ya samu karɓuwa a Arewa24 da YouTube, irin su Labarina, ya ma fi dacewa da littafi fiye da fim na awa biyu, domin yana ba labari sarari ya numfasa.

Sharuɗɗa uku

Na farko, kafin a rubuta fitowa ko ɗaya, mai shiryawa ya iya faɗin tambayar da littafin ke yi a jimla guda. Duk sauyin da ya ƙarfafa wannan tambaya halal ne, duk wanda ya kashe ta a bar shi.

Na biyu, a nemi izinin marubuci ko magadansa a rubuce, a biya su, a sa sunansa inda ido zai gani. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta bar wa marubuci ikon juya aikinsa zuwa wata siga, kuma kariyar tana ci gaba har shekara 70 bayan rasuwarsa. Wannan ya shafi marubutan da ke sakin labaransu babi-babi a WhatsApp da Wattpad, mafi yawansu mata, kamar yadda ya shafi waɗanda aka buga a Zariya.

Na uku namu ne, masu karatu. Mu daina zuwa kallo da littafi a hannu kamar masu binciken kuɗi, muna ƙirga abin da aka cire. Mu tambaya: me ya sa aka cire, kuma me aka samu a madadinsa? Idan amsar ita ce tsoro ko ganda, mu yi magana da babbar murya. Idan amsar ita ce kyamara ba ta da wata hanyar faɗin abin, mu yi adalci.

Har yau abokina malamin lissafi bai yafe wa Villeneuve batun Chani ba, ni ma ban janye ba. Amma a makon jiya ya aiko mini da saƙo yana tambaya ko ina da kwafin Tauraruwa Mai Wutsiya, yana so 'yarsa ta karanta a hutun nan. Ina fatan kafin yarinyar ta kai shekarunmu, ita ma za ta samu fim ɗin Hausa da za ta raba dare tana gardama a kansa, tana cewa littafin ya fi.