DANDALIN UWARGIDA: Kafin Ki Sayi Agogon Silba

A wannan wata za mu duba agogon hannu, wanda ba a rasa shi a lefe ko a tsarabar maigida, amma sau da yawa ba ya kai shekara.

Wata za ta ce ga waya, me za a yi da agogo? To, ki tambayi matan Ƙaraye da Rogo. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Ƙaraye a 1992, magidanta da dama suka koma wuni a bakin ruwa, wasu noman rani, wasu kamun kifi. Manomin rake ko masara a Rogo kuwa tun sassafe yake fita, sai yamma. Waya a irin wannan aiki caji ya ƙare, ko ta faɗa ruwa. Agogo yana ɗaure a hannu, ya gaya wa mutum lokacin salla, ke kuma ya tuna miki lokacin bai wa yaro magani.

Sai dai ba kowane agogo ke jure gumi da ƙura da ruwan alwala sau biyar a yini ba. Mai ruwan gwal yakan koɗe ya bar kore a hannu, mai fata kuma ya yi wari ya tsage. Wanda ya fi dacewa da yau da gobe shi ne na silba, wato ƙarfen nan marar tsatsa irin na kwanukanmu. Wani Bature mai suna Harry Brearley ne ya shahara da haɗa shi a garin Shefil na Ingila a 1913. Sirrinsa sinadarin kuromiyom ne, wanda ake sa aƙalla kashi 10.5 cikin 100, shi ke hana tsatsa kama shi. Ga maigida ma ya fi kwanciyar hankali, tunda an hana maza ado da zinare.

In kin je saye, ko kin yi saƙo Kasuwar Sabon Gari a Kano, abu na farko a juya bayan agogon. In an rubuta "All Stainless Steel", to dukkan jikinsa silba ne. In kuwa "Stainless Steel Back" kika gani, murfin baya kaɗai ne silba, sauran wani ƙarfe ne mai araha da aka yi wa shafe. A nan ake cutar mutane da yawa.

Na biyu, lambar jure ruwa. Wanda aka sa wa 30M fantsalin ruwa kawai yake ɗauka, kamar na wanke hannu. Mai 50M ya ɗan fi shi. Amma masunci ko mai ban-ruwa, a nema masa mai 100M.

Na uku, inji. Mai batir irin na "quartz", wanda kamfanin Seiko na Japan ya fara fitarwa kasuwa a 1969, ya fi riƙe lokaci daidai, batirinsa kuma yakan yi shekara 2 zuwa 3. Akwai kuma mai aiki da motsin hannu, irin Seiko 5 da aka fara yi a 1963, wanda iyayenmu suka sani. Ba ruwansa da batir, sai dai in an ajiye shi kamar kwana 2 zai tsaya. Ki yi hattara da jabu, don sunan kamfani a fuska ba shaida ba ce. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Saura kulawa. Ki cire agogo in za ki yi wanki, domin bilic yana cin silba, ruwan zafi da sabulu kuma suna lalata siririyar robar da ke tare ruwa. Kada ki fesa masa turare. Da hunturu, ki goge tsakanin sarƙar da tsohon buroshi, don ƙura da gumi ke taruwa su jawo ƙaiƙayi. Ki tabbata kan saitin lokaci a danne yake kafin ya taɓa ruwa. In an kai canjin batir, a ce wa mai gyara ya duba robar nan kafin ya rufe. Da kin ga raɓa a cikin gilashi, a kai gyara a ranar, kada a jira.

Iyayen yara kuma ku sani, hukumar JAMB ta hana shiga ɗakin jarrabawa da agogo, don haka a bar shi a gida ranar.

Uwargida, araha ba ta ado. Gara a haƙura a tara kuɗin guda ɗaya nagari da a riƙa sayen sabo duk Sallah. Allah Ya sa albarka a abin da muke kashewa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.