Wa Ya Ce Mace Ba Ta Hawan Dutse?



Makon jiya wani malami da muke koyarwa tare ya shigo ofishin malamai da wata takarda mai hotuna, irin wadda kamfanonin yawon buɗe ido suke bugawa domin Turawa. Tafiya ce aka tsara ta mako biyu a ƙasar Kamaru: a hau duwatsu masu aman wuta da ƙafa, a kwana a kansu, sa'an nan a zaga garuruwan kan tudu a ga kasuwanni da fadar sarki. Takarda ta yi ta yawo daga hannu zuwa hannu ana dariya. Wani ya ce, "Bature ke nan, ya ƙoshi ya rasa abin yi, sai ya biya kuɗi a wahal da shi." Wata babbar malama da nake ganin girmanta ƙwarai ta nuna hoton wata mata riƙe da sanda, ta ce, "Ku dubi wannan, ko wa ta bar wa gida, oho." Ni ma na yi dariya don kada a ce na cika iyayi. Amma da na koma gida sai abin ya tsaya mini a rai, domin a wannan makon ne wata yarinya 'yar ajina ta mayar mini da takardar neman izini babu sa hannu. Ziyarar kwana biyu ce kurum muka shirya zuwa Jos. Ta ce babanta ya ce yawon dutse na maza ne, wanta ya je bara, ya isa.

To, ni dai a ganina Turawan nan ba wauta suke yi ba. Mu ne muke hasara, kuma mata ne suka fi kowa. Bari in faɗa muku abin da ke cikin tafiyar, ku yanke hukunci da kanku.

Daga Duwala ake tasowa a mota zuwa garin Buea, wanda ke zaune a jikin Dutsen Kamaru. Tsawon dutsen nan ya wuce mita 4,000, watau ƙafa 13,000 da ɗoriya, kuma duk yammacin Afirka babu wanda ya kai shi. Ba daga kan wani tudu ya taso ba, daga bakin teku ya miƙe. Mai hawansa yakan yi kwana biyu ko uku, da ɗan jagora da masu ɗaukar kaya daga cikin mutanen wurin, watau Bakweri. Akwai zango uku a kan hanyar da aka fi bi. Da safe mutum yana cikin kurmi mai duhu, gumi yana tsiyaya. Kafin la'asar itatuwa sun ƙare, sai ciyawa da iska. Kashegari ko ciyawar ma babu, sai baƙin dutse da toka, ga sanyin da ya fi na tsakiyar hunturu a Jos, ga numfashi yana yin nauyi domin iska tana ƙaranci in an yi sama. Abin da nakan shafe makonni ina zanawa a allo ke nan, cewa gwargwadon hawa gwargwadon sanyi, kuma tsire-tsire suna sakewa. Yara sukan haddace, su rubuta a jarrabawa, su ci, sa'an nan su manta. Wadda ta taka da ƙafarta kuwa, har ta tsufa ba ta mantawa.

Dutsen nan kuwa da ransa. Ya yi aman wuta a 1982, ya sake a 1999 da 2000. A na 1999 narkakken dutse ya gangaro a hankali har ya datse hanyar mota da ke bin gaɓar teku yamma da garin Limbe, ya tsaya kaɗan kafin ya kai ruwa. Masu tafiyar sukan je su taka shi yanzu da ya sandare. Yashin bakin tekun Limbe ma baƙi ne, domin daga dutsen ya fito. In na faɗi irin wannan a aji sai in ga yara suna kallona kamar ina ba su tatsuniyar Gizo. Wata ta taɓa tambayata, "Malama, to don me mutane ba su tashi daga wurin?" Tambaya ce mai kyau. Dalili kuwa shi ne ƙasar da ta samu daga tokar dutse tana da albarkar noma ƙwarai, shi ya sa gindin dutsen cike yake da gonakin ayaba da roba da kwakwar manja da ganyen shayi. Ga ruwan sama kuma. A wani wuri da ake kira Debundscha, a gefen dutsen da ke fuskantar teku, ruwan shekara yakan kai wajen milimita 10,000, kusan ninki goma na abin da Kano take samu.

Sai mu zo ga maganar wai abin na maza ne. A 1895 wata Baturiyar Ingila mai suna Mary Kingsley ta hau dutsen nan har ƙololuwa, kuma da doguwar rigarta har idon sawu ta hau, irin ta matan ƙasarsu na wancan zamani. Ashe ke nan ba sai mace ta tuɓe mutuncinta za ta hau dutse ba. In kuwa an ce ai wannan Baturiya ce, to ga 'yar ƙasa. Tun 1973 ake yin tseren hawa dutsen a sauko, tafiyar wajen kilomita 38, kuma daga baya aka shigar da mata. Wata mata mutuniyar Buea, Sarah Etonge, ta ci na mata har sau bakwai, huɗu daga ciki a jere, daga 1996 zuwa 1999. Uwa ce mai 'ya'ya bakwai. Abin da baƙo yake yi a kwana uku yana nishi, ita a yini guda take gamawa tun rana ba ta yi sanyi ba. Kai, mu bar ma zancen tsere. Wace ce a cikinmu ba ta san matan ƙauye masu ɗauko itace ko ƙwaryar nono tun daga mil biyar ba, ga goyo a baya? Ba a taɓa cewa wannan ya fi ƙarfin mace ba. Sai in tafiyar ta neman sani ce ake tunawa mace rarrauna ce.

Wani abin da ya ƙara ba ni haushi shi ne dutsen nan ba baƙonmu ba ne. Har 1960 tare ake mulkin wannan yanki da Nijeriya. A 1951 aka buɗe makarantar horad da samari a Man O' War Bay, kusa da Limbe, wadda a lokacin ake kira Victoria, kuma hawan dutsen yana cikin horon da ake ba su. Daga ko'ina a Nijeriya ake aika samari, har da Arewa. Da aka rabu sai makarantar ta dawo gida, kuma reshenta na hawan dutse yana nan a duwatsun Shere kusa da Jos. Watau tun zamanin kakanninmu an yarda hawan dutse yana gina yaro, yana koya masa jimiri da taimakon ɗan'uwa. 'Yar'uwarsa fa, ita ba ta bukatar jimiri? Ita da za ta riƙe gida?

Mako na biyu na tafiyar ya fi sauƙi. Ana zuwa Dutsen Manenguba, inda akwai tafkuna biyu a cikin ramin tsohon dutsen wuta, ana kiran ɗaya namiji ɗaya mace, ga Fulani makiyaya da shanunsu a kewaye. Daga nan sai Fumban, garin Bamun. Nan ne ni na fi ƙwallafa rai. Sarkinsu Ibrahim Njoya, wajen 1896, ya zauna ya ƙago wa harshensu rubutu na kansa. Ya fara da alamomi ɗaruruwa, ya yi ta ragewa har suka dawo wajen 80, ya buɗe makarantu, aka rubuta tarihin ƙasarsu da shi. Fadar da ya gina a 1917 tana nan tsaye. Faransawa suka raba shi da garinsa, ya rasu a Yawunde a 1933. Musulmi suna da yawa a garin, kuma tun da daɗewa fataken Hausawa suke zuwa can. Ina so 'yan ajina su tsaya gaban littattafan nan su gani da idonsu, domin da yawansu sun ɗauka duk wani rubutu daga waje aka kawo wa baƙar fata.

Akwai abu guda da ban so ba a takardar nan, kuma ba zan ɓoye ba. Shafin da suka kira na al'adu cike yake da hotunan mata a kasuwa, wata tana shayarwa, wata tana ɗaura zane, kuma daga ganin fuskokinsu ba a nemi izininsu ba. Wannan rashin kunya ne. In mu ne muka je, mu yi sallama, mu gaisa, mu sayi kayan mai kaya, mu tambaye ta yadda take rininta ko girkinta. Kada kuma a manta da masu ɗaukar kaya, waɗanda su ne ke hawa da ruwa da abinci a ka. A biya su hakkinsu cikakke ba tare da ja-in-ja ba.

Wani zai ce, to sanin dutsen wuta me zai ƙara wa matar aure? Ran 21 ga Agusta 1986 da dare, tafkin Nyos da ke arewa maso yammacin Kamaru, wanda shi ma a ramin tsohon dutsen wuta yake, ya saki wata iska da ta daɗe tana taruwa a ƙarƙashin ruwansa. Ita ce iskar da ke sa lemon kwalba kumfa, ba ta da launi, kuma ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, saboda haka sai ta bi kwari tana gangarawa kamar ruwa. Mutum 1,746 suka rasu, yawancinsu cikin barci, da dabbobi wajen 3,500, kuma akwai Fulani makiyaya cikin waɗanda abin ya shafa. Waɗanda ke kan tudu da yawansu sun tsira. Shekara biyu kafin nan, a 1984, irin haka ta faru a tafkin Monoun, mutum 37 suka mutu, amma mutanen ƙauyukan Nyos ba su san abin da za su yi ba. Da dare kuwa wa ke tare da yara in ba uwa ba? A 2001 aka kafa bututu a tafkin yana fitar da iskar kaɗan-kaɗan, aka ƙara biyu a 2011. Abin ma bai tsaya a Kamaru ba, domin in bangon tafkin ya ɓalle, ta kogin Katsina-Ala ruwan zai shigo mana, kuma tsoron haka yana cikin dalilan da suka sa aka gina madatsar Kashimbila a Jihar Taraba.

Ban ce iyaye ba su da hujja ko kaɗan ba. Uban da ya ji tsoro a kan 'yarsa bai yi laifi ba. Tun ƙarshen 2016 rikici ya tashi a yankunan Kamaru biyu masu magana da Ingilishi, a 2017 ya koma na bindiga, kuma Buea da Limbe da Nyos duk a ciki suke. A Fabrairun 2023 wasu abubuwa sun fashe a kan hanyar tseren dutsen, mutane suka ji rauni. Saboda haka ni da kaina ba zan kwashi 'ya'yan mutane in nufi can ba sai an tabbatar da lafiyar hanya. Ga kuɗi kuma, wanda albashin malamar firamare na shekara guda ba lalle ya biya ba. Amma rashin lafiyar hanya ɗaya yake ga namiji da mace. Harsashi ba ya tambaya. In hanya ba kyau, a hana duka. In da kyau, a bar duka. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sa wa ɗa hannu a takarda, a mayar da ta 'ya.

Kuma ba sai an tsallaka iyaka za a fara ba. A kan tudun Jos, wajen Panyam da Kerang, akwai tsofaffin duwatsun wuta da suka daɗe da mutuwa, ga su nan kamar an kife ƙwarya, ga baƙaƙen duwatsu a gonakin dankalin Turawa. A ƙasar Biu akwai tafkin Tila, shi ma a ramin irin wannan dutse. Waɗannan wuraren ma sun ga nasu tashin hankalin, don haka sai makaranta ta bincika tukuna, ta nemi shawarar hukuma. In za a tafi, a tafi da malamai mata, masaukin 'yan mata daban, a san wurin salla da lokacin dawowa, a rubuta wa iyaye duk wannan dalla-dalla. Mu malamai ma muna da laifi a nan, domin takardar da muka aika layi uku ce, babu bayanin inda yara za su kwana. Da ni ce uwar, da na yi tambaya.

Ku kuwa iyaye mata, ku ne kuka san lokacin da ake yi wa maigida magana ya saurara. Kada ku karɓi takarda ku ce "sai abin da babanki ya ce," ku juya ku ci gaba da tankaɗe. Ku zo makaranta ku tambaye mu, ko ku aiko a kira mu. In ma hali ya yi, wata daga cikinku ta biyo mu, akwai wuri a mota. Ku 'yan mata, kuka da kumbure-kumbure ba su sa a sa hannu. Ku nuna a gida cewa ana iya aikenku ku dawo a kan lokaci.

Ita yarinyar tawa, ran Asabar in Allah ya kai mu zan je gidansu bayan la'asar in gaida mahaifiyarta. Na sake rubuta takardar, yanzu shafi guda ce cur, da sunayen malamai mata uku da za su raka su da wurin da za a kwana. Sauran mako uku motar ta tashi, kuma ban ba kowa kujerarta ba.