Kafin Ka Ce Fiyanonka Ba Shi Da Kyau, Duba Kebul Ɗinka

Ƙanina ya daɗe yana tara kuɗi har ya sayi fiyano ɗan gwanjo, ƙirar Yamaha. Bayan mako biyu ya zo mini da ƙorafi, wai an cuce shi: in ya sa hedifon ɗinsa na Bluetooth sauti ba ya zuwa a kan lokaci, in ya ɗauki kiɗan a wayarsa kuma sai ka ji kamar ana soya wainar fulawa. Har ya fara neman mai saye. Na duba, fiyanon lafiyarsa ƙalau. Yadda yake haɗa shi ne matsalar, kuma ina ganin yawancin masu kuka irin nasa haka abin yake.

Mu fara da Bluetooth, don nan ne na fi samun gardama. Ra'ayina a nan ba shi da sassauci: kada ka kaɗa fiyano da hedifon ko sifikar Bluetooth, ko da ta nawa ce. Kafin sauti ya iso kunnenka sai an matse shi, an tara shi, an aika, sannan a warware. Wannan aikin yakan ci kashi ɗaya zuwa biyu cikin goma na daƙiƙa a yawancin na'urori. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa guda, ke nan kamar ka ajiye lasifikarka a tsakiyar filin ƙwallo kai kana tsaye a raga kana kiɗa. Yatsa ya danna, kunne yana jira.

Wani zai ce ai yana kallon YouTube da Bluetooth bai taɓa ganin jinkiri ba. Haka ne, amma dabara ce ta masu rubuta manhaja, aikin da nake yi ke nan: ana riƙe hoton kaɗan ya jira sautin. Bidiyo an riga an ɗauke shi, ana iya yi masa haka. Babu manhajar da za ta san maɓallin da za ka danna kafin ka danna shi.

Hedifon mai kebul shi ne mafita, kuma ba sai mai tsada ba. Ramin da aka rubuta PHONES a yawancin fiyano babba ne, milimita 6.35, kan hedifon na waya kuma 3.5 ne. Ɗan adafta ya raba gardama. Ka dai tabbatar mai zobe biyu baƙaƙe ka saya, in ba haka ba kunne ɗaya ne zai yi magana.

Sai ɗaukar kiɗa a waya. Ramin iyafis na waya an yi shi ne don ƙaramin makirfon da ke jikin iyafis, mai raunin sauti. Abin da ke fitowa daga fiyano ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, shi ya sa yake fashewa. Sau da yawa ma wayar ba ta gane an sa mata komai ba, sai ta ci gaba da ɗauka da makirfonta, ta haɗa da kukan janareton maƙwabta. Ka leƙa bayan fiyanon ka nemi USB TO HOST. Da kebul irin na firinta da ɗan OTG za ka haɗa shi da wayar Android. Amma fa a kula: wasu fiyanon MIDI kawai suke turawa ta nan, wato bayanin wane maɓalli aka danna da irin ƙarfin da aka danna shi, babu sauti a ciki ko kaɗan. Wasu kuma, irin su PSR-E373, suna tura sautin kansa. In naka MIDI ne kawai, ƙaramar na'urar shigar da sauti ta USB, wadda 'yan situdiyo ke kira sawun kad, ta fi maka amfani a kan sabon fiyano.

Wurin da aka fi yin ɓarna shi ne haɗawa da amfilifaya ko miksa, musamman a wajen biki. Manyan fiyano suna da ramuka biyu na fitar da sauti, L da R. In kebul ɗaya gare ka, sa shi a wanda aka rubuta L/L+R ko L/MONO. Ƙananan kuwa ramin hedifon ne kaɗai mafitarsu, kuma sauti biyu ne a cikinsa, hagu da dama. In ka ɗauki kebul mai zobe biyu ka cusa a layi guda na miksa, miksar za ta cire ɗaya daga ɗaya, duk abin da ke tsakiya ya ɓace. Ganga da bes su ne suke fara tafiya, kiɗa ya zama fayau. Na ga an zagi mai kayan sauti a kan wannan, alhali kebul mai rassa biyu ake buƙata, kowane reshe da layinsa. AUX IN kuma shiga ce, kada ka nemi sauti a can.

Amfilifayar jita ma ba ta dace ba, don an gina ta ne ta canza launin sauti, kuma ba ta ɗaukar ƙasan fiyano yadda ya kamata. In kana jin gurnani a lasifika, fara cire cajar waya ko ta kwamfutar da ke haɗe da fiyanon ka saurara. Wajen kunnawa, rage murya, kunna fiyano, amfilifaya a ƙarshe. Wajen kashewa ita za ka fara kashewa, musamman in za a koma janareto.

Ƙanina dai adafta da OTG muka sayo masa, ya fasa sayarwar. Yanzu rigimarmu a kan hedifon ɗina ce, ya ɗauke bai dawo da shi ba.