Mozart ma sabon hannu ne wata rana

Duk wanda ya saba duba takardar shirin kiɗan da ƙananan ƙungiyoyin makaɗa na Turai ke yi tare da mai kaɗa piyano zai lura da wata dabara. A buɗe da Mozart, a rufe da Mozart, sai a cusa sabon kiɗan wani mawallafi mai rai a tsakiya, kamar uwa ta ɓoye ƙwayar magani cikin lomar tuwo. Haka mai kaɗa piyano Mitsuko Uchida, 'yar asalin Japan, ta yi da ƙungiyar Mahler Chamber Orchestra, inda aka saka aikin Jörg Widmann, Bajamushe haifaffen 1973, tsakanin kiɗan Mozart guda biyu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. In aka sa sabon a ƙarshe, wasu za su ɗauki rigunan sanyinsu tun lokacin hutu su kama gabansu.

Ban ga laifin Uchida ba, sai ma yabo. Ƙorafina yana kan 'yan kallon da ke ɗaukar sabon kiɗa tamkar harajin da ake biya kafin a ji daɗi.

Su koma su duba wanda suke girmamawa. A 1784 kaɗai Mozart ya rubuta kiɗan piyano da rakiyar makaɗa har guda shida, wasunsu don ya kaɗa da hannunsa a Biyenna ya ci abinci. Na ashirin a jerin duka irin waɗannan kiɗan nasa, wanda aka fara kaɗawa ranar 11 ga Fabrairu 1785, ana gab da taron marubuci na nan yana kwafe wa makaɗa takardunsu, ko gwajin ɓangaren ƙarshe ba a samu yi ba. Mahaifinsa Leopold yana zaune a zauren. Mutanen da suka biya kuɗi a daren nan sun zo jin abin da kunne bai taɓa ji ba, kuma abin da ya kawo su ke nan. Da an ba su kiɗan wanda ya shekara ɗari biyu a kabari, da sun nemi kuɗinsu.

Ƙaramar ƙungiya, mutum talatin zuwa arba'in, ita ta fi dacewa da wannan kasada. Kuɗin ɗaukar nauyinta bai kai na babbar ƙungiya mai makaɗa casa'in ba, kuma kowa na jin na kusa da shi, har Uchida kan jagorance su daga kan kujerar piyano, ba mai sanda a gaba. Ƙungiyar Orpheus ta New York tun 1972 take kiɗa ba madugu, kuma tana ba mawallafa masu rai aikin sababbin kiɗa.

Maganar ta shafe mu ta wani gefe. A Legas akwai cibiyar MUSON ta ƙungiyar masu son kiɗa da aka kafa a 1983, inda ake irin wannan taro. Mawallafin kiɗa ɗan Najeriya Akin Euba, wanda ya rasu a 2020, ya daɗe yana neman yadda piyano zai yi magana irin ta ganga, Joshua Uzoigwe ma ya bi wannan hanya. In har ana jin tsoron Widmann a Jamus, to wane gurbi za a ba waɗannan? Ni dai zan so in ga shirin da aka buɗe da Mozart aka rufe da Euba, a ga ko mutum nawa za su tashi.