Kafin ka zuba kuɗin shekara a kyamara mai sauya ido

Makon jiya bayan la'asar wani tsohon ɗalibina ya tare ni a bakin masallaci. Gyaran waya yake yi yanzu a Déckon, kuma ya shekara yana zubin adashi. Ya ce, "Mushe, kyamara nake so in saya. Ba don sana'a ba, sha'awa ce kawai. To amma abokaina sun ce in ba babbar nan mai sauya ido zan saya ba, gara in bar kuɗina, wai ƙananan kayan wasan yara ne." Na ce masa, "Ɗana, zo gida gobe, akwai abin da zan nuna maka."

Abin da na nuna masa wata baƙar jaka ce da ke saman kwaba, ƙura ta rufe ta. Shekara shida ke nan da ni ma aka yi mini irin wannan huɗubar, na bi. Na sayi babbar kyamara ta hannu, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai, da ido biyu: gajere mai 18 zuwa 55, da dogo mai jawo nesa. Watan farko ko kasuwa za ni tana wuyana. Wata na uku sai ranar suna ko biki. Daga nan sai Sallah zuwa Sallah. Ba ƙinta na yi ba, nauyi ne da ɗawainiya. Ka hau zem da jaka a gaba, hannu ɗaya na riƙe da ita, ka isa lakwal ka rasa inda za ka ajiye ta hankalinka ya kwanta. A damina ta biyu na ɗaga dogon idon na duba a rana, sai na ga wasu farare kamar saƙar gizo a cikin gilashin. Fumfuna ce. Laimar teku da ke cinye mana ƙofofin ƙarfe ba ta ƙyale gilashi ba. Laifina ne, na kulle shi a jaka wata huɗu babu iska babu haske, amma ba wanda ya gaya mini haka ranar da ake zuga ni.

Ra'ayina ke nan tun daga farko, don kada in ja ku da nisa: mai ɗaukar hoto don sha'awa a unguwa irin tamu, ƙaramar kyamara mai kyau ta fi masa babba. Na ce mai kyau, kuma kalmar tana da sharaɗi.

Abokan yaron nan ba ƙarya suke yi gaba ɗaya ba. Ingancin hoto ya dogara ƙwarai da girman faifan da ke karɓar haske a cikin kyamara, wanda ake kira sensa. Ƙananan kyamarorin nan masu arha da suka cika gari wajen 2010, sensarsu ba ta wuce milimita 6 da ɗoriya a faɗi ba, kusan abin da ke cikin wayoyi da yawa na yau. Shi ya sa waya ta kashe musu kasuwa. A 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kyamara sama da miliyan 120 a shekara guda, daga 2020 kuwa abin bai ƙara kaiwa miliyan 10 ba, kuma ƙananan ne suka fi zubewa. Wanda ke da Tecno ko Infinix mai ɗan dama, in ya sayi irin waɗannan, ya sayi abin da yake da shi ne a aljihu.

Sai dai ba a nan ƙananan suka tsaya ba. A 2012 Sony ta fito da RX100, mai sensar da ake kira inci ɗaya, milimita 13.2 da 8.8, wajen ninki huɗu ke nan na waccan, kuma tana shiga aljihun riga. Canon na da G7 X mai irin wannan girman. Ricoh GR da Fujifilm X100 kuwa sensarsu daidai take da ta yawancin manyan kyamarorin da 'yan koyo ke saye, wajen milimita 23 da 15, ido ɗaya ne kawai aka liƙa musu wanda ba ya cirewa. Saboda haka maganar wai ƙarama ba ta kai babba ba ta tsufa da fiye da shekara goma. Abin da babbar ta fi su da shi shi ne damar sauya ido: ka sa dogo ka ɗauko ɗan wasa daga ƙarshen fili, ka sa mai faɗin baki ka ɗauki amarya a ɗaki mai duhu bayanta ya narke. Dama ce ta gaske. Tambayar ita ce sau nawa za ka yi amfani da ita, kuma nawa za ta ci maka.

Domin kowane ido kuɗi ne daban, wani ma ya fi jikin kyamarar tsada. Yawancin waɗanda na sani da babbar kyamara, idon da ya zo da ita a kwali shi ne a kanta har yau. Sun biya kuɗin sauyawa, suna ɗauke da nauyin sauyawa, ba su taɓa sauyawa ba. Wanda ya sauya kuma a watan Janairu, a tsakiyar hazo, ya buɗe wa ƙura ƙofa ke nan har kan sensa. Daga ranar duk hoton da ya ɗauka mai sararin sama zai ga ɗige-ɗige a wuri guda.

Amma duk wannan ba shi ne babban dalilina ba. Babban dalilina mutane ne.

Fito da babbar kyamara a layinku ka ga yadda wuri ke canzawa. Tsohuwa mai ƙosai za ta ja mayafi ta juya baya. Dattawan majalisa su yi shiru, ɗaya ya tambaye ka wace jarida ce ta aiko ka. Mai awon hatsi ya zaci daga wajen masu haraji kake. Yara kuwa su yi cincirindo, kowa ya ɗaga yatsu biyu. Ko dai a ɗauke ka ɗan jarida, ko mai hoton kuɗi, kuma a duka biyun ka tashi daga ɗan unguwa ka koma baƙo. Da ƙarama a hannu kuwa kai ne dai ɗan gidan wane da aka sani. Ka yi sallama, ka zauna, a sha shayi, ka ce, "Baba, in ɗauke ku?" a ce bismilla, hira ta ci gaba kamar ba a yi komai ba. Ban ce a riƙa satar hoton mutane ba, wannan ba tarbiyyarmu ba ce, balle cikin gidaje inda iyayenmu mata suke. Neman izini wajibi ne ko da wace kyamara. Abin da na lura shi ne an fi ba ƙarama izini, kuma bayan an ba ta fuskoki ba sa daskarewa.

Me ya sa na damu da wannan har na zauna rubutu? Saboda mun taɓa rasa unguwa. A 1977 aka rushe tsohon Zongo na tsakiyar Lome, aka kwaso iyayenmu zuwa nan arewa, wajen Agoè. Ni ban riski wancan Zongon ba. Mahaifina yakan kwatanta mini layinsu, inda mahauta suke, inda fataken goro ke sauka, da zauren da ya yi karatun allo. Na tambaye shi hoto, ya ɗauko mini guda biyu, duka na situdiyo: shi da babbar riga a gaban labule mai zanen fure. Labulen na nan a hoto, layin da aka haife shi babu. Wanda yake son sanin yadda fatauci da zaman wancan wuri suke, sai ya nemi littafin wani Bafaranshe mai bincike, Michel Agier, da ya fito a 1983. Allah ya saka masa, amma abin kunya ne a ce jikokin masu wurin sai sun je ga baƙo. Tsohon Lome ma da muke gani a katunan hoto, albarkacin mutane irin su Alex Acolatse ne, wanda ya rasu a 1975, da suka tsaya suka ɗauka.

Zongon yau ma ba zai zauna yadda yake ba. Gidaje na tashi sama, filin da muka buga ƙwallo ya zama shaguna, tsofaffin da suka yi ƙaurar 77 suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Manyan motocin Nijar da Burkina da ke jere a bakin hanya, kasuwar raguna ana jibi Babbar Sallah, almajirai da alluna da asuba, ruwa in ya shiga layi a watan Yuni, duk wannan ba mai ɗaukar mana shi sai wanda kyamara ke jikinsa ran Talata da rana, ba tare da ya shirya ba. Tawa babbar tana saman kwaba a irin waɗannan ranakun. Seydou Keïta na Bamako, wanda yau ake rataye hotunansa a manyan gidajen tarihi na duniya, da ƙaramar Kodak Brownie ya fara, wadda kawunsa ya ba shi a 1935. Idonsa ya fara koya kafin ya nemi manyan kaya.

Yanzu bari in faɗi inda maganata ke da rauni, don kada wani ya saya ya zo yana zagina. Na ɗaya, ƙananan masu kyau sun yi tsada. 'Yan TikTok sun gano su, farashin na hannu ya hau. Fujifilm X100VI da ta fito a 2024 dala 1,599 aka sa mata, kusan miliyan guda na sefa, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake sefa 52,500. Wannan ba tamu ba ce, a bar wa masu ita. A gefe guda kuma tsofaffin manyan kyamarori masu madubi sun yi arha, saboda Turawa na zubar da su suna komawa marasa madubi. Sau da yawa za ka samu babba ta hannu ƙasa da kuɗin ƙarama mai kyau. Na biyu, ƙarama mai ido mai fita da komawa ita ma tana zuƙar ƙura, kuma in ta shiga ba ka da hanyar gogewa da kanka. In injin idon ya maƙale, yawanci kyamarar ta tafi ke nan, alhali babba in ido ya lalace sai ka nemi wani. Na uku, in niyyarka sana'a ce, manta da duk abin da na faɗa. Uwar amarya ba za ta biya wanda ya zo da abu kamar kwalin ashana ba, ko da hotonsa ya fi na kowa. Haka mai son ɗaukar ƙwallo ko kokawa daga nesa, dogon ido yake buƙata, babu makawa.

Yaron ya saurare ni, ya juya dogon idon nan nawa a hannu, ya ce, "Mushe, to in ban samu ƙaramar mai kyau daidai kuɗina ba fa?" Na ce ya riƙe wayarsa wata uku, ya ɗauki hoto kullum a unguwa, ya ware goma da suka fi burge shi ya kai a wanke masa a takarda. In ya duba ya ga abin da ya hana shi samun hoton da yake so nisa ne ko duhu, to ya san dalilin da zai sayi babba, ya saya da ido ɗaya tak mai milimita 35 ko 50, ya bar shi a kai. In kuwa ya ga abin da yake so mutane ne da layuka, ya ci gaba da zubi har ya samu mai sensar inci ɗaya, ya gwada fitar idon da komawarsa sau goma a gaban mai sayarwa, ya ɗauki farin bango ya duba ɗige. Kowacce ya saya, ya tara 'yan ƙullin nan masu shan laima da ke zuwa a kwalin takalmi, ya ajiye ta da su a roba mai murfi, kuma kada ta kwana wata ba a taɓa ta ba.

Da zai tafi ya nemi aron tawa ta saman kwaba, wai ya ji nauyinta na mako guda. Na ba shi, da gajeren idon. Ran Juma'a zai dawo da ita.