'Ya'yan Jackson da 'Ya'yan Ɗanƙwanda

Mu da muka taso daga Tafoki da sauran ƙauyukan Faskari muka shigo jami'a, akwai wani abin kunya tare da mu. Tambayi ɗalibi labarin Jackson 5, nan take zai zayyano maka: 'yan'uwa biyar daga garin Gary a Amurka, ubansu Joe ya hore su da tsanani, kamfanin Motown ya ɗauke su, a 1970 waƙoƙinsu huɗu a jere suka yi zarra. Har zai gaya maka yadda Jermaine ya tsaya a Motown sa'ad da sauran suka koma Epic, ƙaraminsu Randy ya shiga gurbinsa.

To, madalla. Amma tambaye shi gidan Ɗanƙwairo, sai ya yi zuru. Alhali nan ma uba ne, Usman Ɗanƙwanda, ya koya wa 'ya'yansa. Abdu Kurna ya gaje shi, ƙanensa Musa yana yi masa amshi, kafin Musa ya ja nasa ayarin da kotso, ya waƙe Sardauna, ya rasu a 1991, 'ya'yansa kuma suka ɗora. Wancan muna ce masa tarihi, wannan kuwa roƙo!

Ba mu hana kowa sauraron Michael ba. Mu ma kan saurara. Roƙonmu ga ƙungiyar ɗalibai shi ne ta tura 'yan sashen Hausa Maradun da rakoda a hutu mai zuwa, su zauna da magada, su rubuta wa ya yi wa wa amshi, tun dattawan da suka sani suna da rai.