Rashin Natsuwa Ga Babban Mutum: Hali Ne Ko Larura?

A kowane sashe na jami'a ba a rasa wani ɗalibi wanda lamarinsa ya ɗaure wa malamai kai. In ana muhawara a aji shi ne kan gaba, har ya kawo hujjar da ba wanda ya hango ta, amma ranar miƙa jinga sai a neme shi a rasa, ko kuwa ya zo da rabin aiki yana rantsuwa cewa sauran ya ɓace a ɗakin kwana. Kundin digirinsa ya cije a babi na biyu wata da watanni. Yakan shiga laburare da kyakkyawar niyya, ya buɗe littafi, kafin ya kai ƙarshen shafi hankalinsa ya yi nasa wuri. Malamai su ce malalaci ne, abokai su ce mashiririci ne, in kuwa ya gama ya kama aiki yana yi yana bari, sai dangi su fara raɗe-raɗin ko kurciya aka yi masa. Abin da wannan maƙala ke son nunawa shi ne, daga cikin irin waɗannan mutane akwai waɗanda larura ce ke damunsu, kuma sun fi bukatar likita ya duba su da a yi ta yi musu faɗa.

Larurar da ake nufi ita ce wadda likitoci ke taƙaita sunanta da haruffan ADHD, watau ƙarancin natsuwa haɗe da yawan ƙiriniya da azarɓaɓi. Ba yau aka san ta ba. Tun 1798 wani likita ɗan Sikotilan, Alexander Crichton, ya yi bayanin mutanen da ba sa iya tsai da hankali a kan abu guda, sa'an nan a 1902 George Still ya gabatar da laccoci a Landan game da yara masu irin wannan hali. Sai dai an daɗe ana zaton abin yarinta ne kawai, da yaro ya balaga zai bar shi. Wannan zato ya rushe. Ƙiyasin da Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta bayar a littafinta na 2013 shi ne kimanin yara 5 cikin 100, manya kuwa tsakanin 2 da 3 cikin 100. Binciken da aka yi a kan tagwaye kuma ya nuna gado ne ke da kaso mafi tsoka, fiye da kashi 70 cikin 100. Ke nan ɗora wa iyaye laifin rashin tarbiyya ba adalci ba ne.

Abin da ke sa a kasa gane ta ga babba shi ne takan sake kama. Yaron da ke hawa tebur a firamare, in ya girma ba ya hawa tebur, amma ƙiriniyar ta koma ciki. Zai zauna a lacca yana kaɗa ƙafa, ransa na ƙuna kamar an ɗaure shi. Yana tsinke wa mutane magana, ya sayi abin da bai shirya saye ba, ya yar da makulli yau, gobe katin shaida, jibi ya manta alkawarin da shi da kansa ya ɗauka. Aikin da ke bukatar dogon tunani yakan yi ta ɗaga shi har sai wuri ya ƙure. Mata kuwa sun fi shiga duhu, domin da yawansu ba su da hayaniya, sai dai a ce wance ta cika mantuwa, ko ta ƙona abinci, a wuce wurin. Akwai masu cewa ai wane yakan kwana a kan abin da yake so, ta yaya za a ce ba shi da natsuwa? Wannan ma daga cikin alamun ne. Matsalar ita ce linzamin hankalin ba ya hannunsa, in abu ya ja shi ba ya iya saki, in bai ja shi ba kuwa ba ya iya kamawa.

To, a nan ne ya kamata a yi hattara, domin duk wanda ya karanta waɗannan alamu zai ga kansa a ciki. Wa bai taɓa ɗaga karatu ba? Rashin barci, da yunwa, da baƙin ciki, da fargaba, da ciwon maƙoƙo, da shaye-shaye, da yawan latsa waya, kowannensu na iya ɗauke hankali. Saboda haka likitoci suka gindaya sharuɗɗa. Wanda ya kai shekara 17 sai an same shi da alamu 5 cikin 9 na rashin natsuwa, ko 5 cikin 9 na ƙiriniya da azarɓaɓi, sun kuma ɗauki aƙalla wata 6, suna bayyana a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da makaranta, suna kuma yi masa ɓarna ta zahiri. Sharaɗi mafi nauyi shi ne a ce wasu alamun sun fara tun kafin ya cika shekara 12. Wanda ya yi sakandare lafiya lau, sai a aji uku na jami'a hankalinsa ya watse, lalle wani abin ne daban ke damunsa, kuma shi ma abin dubawa ne. Don haka shaidar mahaifiya, ko yaya, ko tsohuwar takardar sakamako ta firamare, ta fi tambayoyin intanet amfani nesa ba kusa ba.

Sai maganar magani. Amsa a taƙaice ita ce yana taimakawa, ga wanda aka tabbatar yana da larurar. A 1937 Charles Bradley, wani likita a Amurka, ya ba yara 30 maganin Benzedrine, sai ya tarar kimanin rabinsu sun ƙara ƙwazo a karatu. A 1944 aka haɗa metilfenidet a Suwizalan, wanda aka fi sani da Ritalin. Irin waɗannan magunguna suna ƙara ƙarfin sinadaran dofamin da noradirenalin a sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tsari da kame kai. A 2018 mujallar Lancet Psychiatry ta buga wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje 133, ya kuma nuna magungunan sun fi ƙwayar da ba kome a cikinta rage alamun, ga yara da manya. Wani bincike na ƙasar Suwidin da aka buga a 2012, a kan mutum fiye da 25,000, ya gano aikata laifi ya ragu da kashi 32 cikin 100 ga maza, 41 ga mata, a lokutan da suke shan magani. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma fa akwai iyaka. Hujjar da nazarin 2018 ya dogara da ita ta kimanin mako 12 ce, alhali larurar ta shekaru ce. Maganin na rage cin abinci, yana iya hana barci, yana ɗaga bugun zuciya da hawan jini, shi ya sa ake auna mutum kafin a fara da kuma bayan an fara. Aikinsa na sa'o'i ne, in ya sake shi ya koma yadda yake. Akwai atomoksetin, wanda ba ya cikin masu sa kuzari, amma shi sai an yi makonni kafin a ga amfaninsa. Uwa uba, ƙwaya ba ta koya wa mutum abin da bai koya ba. Wanda ya shekara ashirin bai san tsara lokaci ba, magani zai ba shi damar zama ne kawai, tsarin kuwa sai ya koya: rubuta alkawari nan take, yanka babban aiki gunduwa-gunduwa, ajiye makulli wuri guda.

Akwai kuma ɗaliban da ba su da larurar, suna neman irin waɗannan ƙwayoyi don kwana karatun jarrabawa. Wani gwaji da aka buga a 2023, wanda aka yi a Melbon ta Ostareliya da lafiyayyun mutane 40, ya nuna ƙwayar ta ƙara musu naci da ɓata lokaci a kan aiki, amma ingancin aikin bai ƙaru ba, raguwa ma ya yi. Ga kuma haɗarin sabo, wanda ya sa yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa metilfenidet da amfetamin cikin magungunan da ake tsananta tsaro a kansu. Ƙasar da sai da ta hana maganin tari mai kodin a 2018 saboda ɓarnar da ya yi wa matasa tana da hujjar jin tsoro. Sai dai tsoron ƙwaya bai kamata ya hana mai larura haƙƙinsa ba. Hanyarsa ita ce likitan ƙwaƙwalwa, a Barnawa ta Kaduna, ko Kware, ko Maiduguri, ko asibitin koyarwa mafi kusa, ko da jama'a na kiran wurin asibitin mahaukata.

Malamai ma suna da abin yi wanda ba ya cin ko kwabo. Ɗalibin da aka ce wa ya je ya kawo babi uku bayan hutu, in yana da wannan larura, da wuya a sake ganinsa sai da uzuri. In kuwa mai duba kundinsa ya ce ya kawo shafi biyar ranar Litinin, ya kuma rubuta masa gyaran a takarda maimakon faɗa da baki, sau da yawa aikin yakan tafi. Ba a rage masa nauyin karatu ba, ba a kuma ƙara masa maki ba. Idan an yi haka zango guda abin bai sake ba, sai malamin ya kira shi ofis su biyu, ya tambaye shi yadda karatunsa ya kasance tun yana firamare.